Shin zama a aji da sauraro kawai ya wadatar da yarinyar da ba ta gani?

Maman_Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da 'ya mai suna Hafsa, mai shekara shida, da aka haifa ba ta gani, kuma likitoci sun tabbatar mana tun tana jaririya cewa ba lalurar da aiki ko magani zai gyara ba ce. Bana ta isa shiga aji ɗaya na firamare. Na je makarantar da yayyenta biyu suke, shugaban makarantar ya karɓe ni da mutunci, ya ce ba za su hana ta shiga ba, amma ya faɗa mini gaskiya cewa babu malami ko ɗaya a cikinsu da ya iya rubutun makafi, kuma ba su da littattafan da za ta karanta. Abin da za su iya shi ne su zaunar da ita a gaba ta riƙa sauraro, idan jarrabawa ta zo a yi mata tambayoyi da baki. Akwai kuma makarantar makafi ta kwana, sai dai nisanta ya kai ba zan riƙa ganinta ba sai lokacin hutu. Mahaifinta yana ganin a bar ta kusa da mu, ni kuwa zuciyata ta rabu biyu. Shin zama a aji da sauraro kawai karatu ne? Kuma mene ne haƙƙinta a kan makaranta, wanda zan nema ba tare da an ɗauka alfarma nake roƙo ba?

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Ni dai shawarata ki bar ta kusa da ke, domin yarinya mai shekara shida babu abin da ya fi mata gaban uwarta. Allah yakan ba wanda ba ya gani ƙarfin hadda da kaifin ji, kuma malamai da yawa makafi sun yi ilimi mai zurfi da kunne kawai. Ki tuna Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman ilimi har Suratu Abasa ta sauka a kan sha'aninsa. Wanda Allah ya girmama neman iliminsa haka, bai kamata a tauye 'ya'yanmu irinsa ba.

Digo_Shida:
Malam Abu_Safwan, ƙarshen maganarka daidai ne, amma ka yi mini haƙuri in gyara tsakiyarta. Ni makaho ne, kuma shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da rubutun Braille, wato rubutun makafi mai ɗigo da ake karantawa da yatsa. Kaifin ji da ake jingina mana ba kyauta ce da ke zuwa tare da makanta ba. Horo ne da larura ta tilasta mana, kuma a cikinmu akwai mai saurin hadda, akwai mai jinkiri, kamar yadda abin yake a tsakanin masu gani. Yaron da ke sauraro kawai ba ya sanin yadda ake jera haruffan kalma, ba ya sanin inda waƙafi yake da inda aya take, ba ya iya komawa baya ya duba layin da ya ɗaure masa kai, kuma ba ya iya rubuta wa kansa abin tunawa. Da a ce ɗa mai gani aka ce zai yi shekara shida a firamare ba tare da ya riƙe fensir ba, babu uban da zai kira wannan karatu.

Tarihin rubutun da kansa yana nuna haka. An haifi Louis Braille a Faransa a 1809, mahaifinsa baduku ne mai ɗinka kayan doki, kuma da kayan aikin mahaifin nasa ya ji rauni a ido yana ɗan shekara uku, ciwon ya kama ɗaya idon har ya rasa ganinsa gaba ɗaya. A makarantar makafi ta birnin Paris inda aka kai shi, littattafan 'yan kaɗan ne, manya-manya, da haruffan boko masu tudu, waɗanda yatsa ke shan wahalar bi, kuma ɗalibi ba ya iya rubuta irinsu da hannunsa. Yawancin karatun da baki ake yi, wato daidai abin da aka yi wa Hafsa tayi. Rashin gamsuwa da wannan ne ya sa yaron, yana da shekara goma sha biyar, ya tsara rubutu mai ɗigo shida, uku a hagu uku a dama, wanda ke ba da siffofi 63 kuma kan yatsa ɗaya ke rufe shi baki ɗaya. Ya wallafa tsarin a 1829, amma makarantar ba ta amince da shi a hukumance ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa. Ɗalibai ne suka riƙe shi tun kafin hukuma ta yarda, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mai_Nazarin_Doka:
Hajiya, a kan tambayarki ta biyu zan yi magana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Masu Nakasa a watan Disamba na 2006, ta fara aiki a 2008, kuma mafi yawan ƙasashen duniya sun rattaba mata hannu. Sashe na 24 shi ne na ilimi. Ya ce kada a fitar da yaro daga tsarin ilimin kowa da kowa saboda nakasarsa, kuma ya sami ilimin firamare da na sakandare a cikin al'ummar da yake zaune daidai da sauran yara. Bai tsaya nan ba, ya ambaci Braille da sunansa, ya ɗora wa gwamnatoci nauyin sauƙaƙa koyonsa tare da koyon dabarun zirga-zirga da gane wuri, sannan ya ce a ɗauki malaman da suka ƙware a Braille, har da malamai masu nakasa su kansu. Tun kafin wannan, a 1994, wakilan gwamnatoci 92 sun taru a Salamanca ta ƙasar Sifen suka amince cewa makarantar kowa ce ya kamata ta gyara kanta domin ta ɗauki kowane yaro, ba yaron ne zai gyara kansa ba.

Saboda haka abin da shugaban makarantar ya yi miki tayi rabin haƙƙinta ne: ya buɗe ƙofa, amma bai ba da abin da ake shiga ɗakin dominsa ba. Ban ga laifinsa ba, tunda ya faɗi gaskiya kuma ba shi ke ɗaukar malamai aiki ba. Hukumar ilimin da ke sama da shi ita za ki rubuta wa, kuma ki yi a rubuce, ki riƙe kwafi. Sai dai ki sani cewa ƙarfin yarjejeniyar a gaban kotu ya danganta ne da ko ƙasarku ta shigar da ita cikin dokokinta, don haka ki nemi ƙungiyar makafi mafi kusa da ke su nuna miki dokar cikin gida da za ki kafa hujja da ita.

Farar_Sanda:
Ni ina da shekara bakwai aka kai ni makarantar kwana ta makafi, kuma zan faɗi daɗinta da ɗacinta duka. A can na koyi Braille cikin wata shida, na koyi riƙe sanda, wanke kayana, gyara gadona, da tafiya ni kaɗai ba tare da ɗan jagora ba. A can ne kuma na fara jin muryar babban mutum makaho yana koyarwa, yana da iyali, yana karɓar albashi, abin da ya canza yadda nake kallon rayuwata, idan kun yarda in yi amfani da kalmar kallo. A gida kowa yana tausayina har ba a barina in ɗauki ko kofi, a makaranta kuwa babu mai tausayin wani, tunda dukkanmu jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Amma na biya farashi. Na yi wata uku ina kuka da dare. Duk lokacin da na dawo hutu sai in tarar ƙannena sun yi sabbin wasanni da sabbin abokai da ban sani ba, na zama baƙo a gidanmu. Da na shiga sakandare tare da masu gani, na fi su iya karatu amma ban san yadda ake shiga hira da su ba, ban san cewa mutane na juyar da fuska ga wanda suke magana da shi ba sai da wani aboki ya gaya mini. Har yau ban yanke wa kaina hukunci a kan ko iyayena sun yi daidai ba, ko da yake na san cewa ba don wannan makarantar ba da ban rubuta muku wannan ba.

Malama_Aji_Uku:
Ina so in yi magana a madadin malaman makarantun kowa da kowa, tunda mu ake ɗora wa laifi. Na taɓa samun yaro makaho a ajina, cikin ɗalibai fiye da sittin, ba tare da an ba ni horo ko na kwana ɗaya ba. Na ƙaunaci yaron, amma a zangon farko na cuce shi ban sani ba, domin ina rubutu a allo ina cewa "ku dubi wannan, ku haɗa shi da wancan", shi kuwa babu abin da "wannan" da "wancan" ke nufi a wurinsa. Abin da ya cece mu shi ne wata malama ƙwararriya da aka riƙa turo mana sau biyu a mako. Ita ke koya masa Braille, ita ke mayar da aikin gida zuwa ɗigo, sannan ta rubuta amsoshinsa da biro a saman layukan domin in iya dubawa. Ita ta koya mini in riƙa furta duk abin da na rubuta, in kira sunan yaro kafin in yi masa tambaya, kuma kada in sauya wa kujeru wuri ban sanar da shi ba. Da aka sauya mata wurin aiki ba a kawo wata ba, sai yaron ya fara komawa baya a gabana ina ji ina gani.

Injiniyan_Manhaja:
Ina ganin an manta da zamanin da muke ciki. Yawancin wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai NVDA, manhajar da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka gina tun daga 2006 kuma kyauta ake sauke ta. Waɗannan suna karanta wa mutum duk abin da ke kan fuskar na'ura. Littafin Braille kuwa nauyi gare shi, shafi ɗaya na boko yakan cinye shafi biyu ko uku, takardarsa mai kauri ce, injin buga shi kuma tsada gare shi. Maimakon a jira malamin Braille da ba a san ranar zuwansa ba, me zai hana a koya wa Hafsa buga madannan kwamfuta tun yanzu, ta zauna a makarantar yayyenta?

Digo_Shida:
Injiniya, da NVDA nake karanta wannan muhawarar, don haka ba ni da gaba da na'ura. Amma murya tana karanta maka ne, ba kai ke karantawa ba. Ka ɗauki kalmomi biyu da furucinsu ya yi kama amma rubutunsu ya bambanta, ko lissafi mai layi huɗu da ake buƙatar a riƙa komawa sama ana dawowa ƙasa; kunne yana jin abu ɗaya bayan ɗaya, ya wuce ya wuce ke nan, yatsa kuwa yana tsayawa inda ya ga dama. Ƙari a kan haka, harsuna da yawa ba su da muryar na'ura mai kyau, sai ka ji tana murɗe kalmomi yadda babba zai gane amma yaro zai koyi kuskure. Matsalar nauyi da ka ambata ma na'ura ta magance ta, domin akwai allon Braille na lantarki da ɗigoginsa ke tasowa suna komawa, irin su Orbit Reader 20, wanda aka ƙera musamman don ya yi araha. Ta koyi madannai, wannan dole ne, amma bayan yatsunta sun san haruffa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma na ga bambanci mai yawa tsakanin wanda ya fara Braille yana shekara shida da wanda ya fara yana ashirin.

Jami'ar_Lafiyar_Ido:
Ba don Hafsa zan faɗi wannan ba, tunda an riga an duba ta, sai don sauran iyaye masu karantawa. Yawancin yaran da ake kira makafi suna da sauran gani, ko yaya yake. Yaro zabiya, ko wanda aka yi wa aikin yanar ido, ko bakwainin da idonsa ya taɓu, sau da yawa abin da yake buƙata shi ne tabarau, gilashin ƙara girman rubutu, littafi mai manyan haruffa, alƙalami mai kaurin baki, da wurin zama inda haske ba ya dukan idonsa. Tsohuwar fahimtar nan cewa amfani da ragowar gani yana ƙarar da shi ba gaskiya ba ce. Na ga yaran da aka tilasta wa Braille alhali suna leƙa ɗigogin da ido, na kuma ga waɗanda aka bari suna manna fuska a littafi har kansu ya yi ciwo alhali Braille ne ya dace da su. Kafin a zaɓa wa yaro makaranta, a fara auna abin da idonsa ke iya yi.

Maman_Hafsa:
Na gode ƙwarai. Ita Hafsa haske da duhu kawai take bambancewa. Malam Farar_Sanda, maganar wata ukun da ka yi kana kuka ita ce ta hana ni barci jiya.

Abu_Safwan:
Na karɓi gyaran Malam Digo_Shida, Allah ya ƙara sani. Sai dai ina nan a kan cewa kunne ba abin rainawa ba ne. Taha Husain na Masar ya makance tun yana ƙarami, ya yi karatu a Azhar, ya yi digirin digirgir a Faransa, har ya zama ministan ilimi a 1950, kuma shi ne aka sani da cewa ilimi kamar ruwa da iska yake, haƙƙi ne na kowa.

Farar_Sanda:
Gaskiya ne Malam, amma ka tambayi wa yake karanta masa. Matarsa da sakatarensa sun yi shekaru suna zama a gefensa suna karantawa suna rubuta abin da ya shifta. Mutum nawa ne zai sami wannan? Ni na yi shekarar farko ta jami'a ina roƙon abokai su karanta mini, kuma daren jarrabawa, lokacin da na fi buƙatarsu, kowa ta kansa yake yi. Ba a gina tsarin ilimin yara a kan mutum ɗaya da ya yi fice.

Ma'ajin_Littattafai:
Akwai abin da ba a taɓo ba, wato littafin kansa. Ko da an sami malami, me yarinyar za ta karanta? Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana kiran halin da ake ciki yunwar littafi, saboda ƙasa da kashi 10 cikin 100 na abin da ake wallafawa ne ake mayarwa zuwa sigar da makaho zai iya karantawa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne dokar haƙƙin mallaka, wadda a ƙasashe da yawa ta hana a mayar da littafi Braille ko murya sai da izinin mai shi, ta kuma hana a tura wanda aka riga aka mayar zuwa wata ƙasa. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta fara aiki a 2016, ita ta cire wannan shinge ga ƙasashen da suka shiga. Amma a aikace abin da na fi gani yana cutar da ɗalibai shi ne jinkiri: a ba masu gani littafinsu a makon farko, na makaho ya iso zango ya kusa ƙarewa, wani lokacin ma tsohon bugu ne da lambobin shafukansa ba su dace da na malami ba. Idan za ki rubuta wa hukuma, Hajiya, ki nemi littafi iri ɗaya a lokaci ɗaya.

Malamin_Lissafi:
A saka lissafi da kimiyya a cikin takardar, domin nan ne ake fara sallamar yaro makaho cikin ruwan sanyi, a ce masa ya huta, wannan ba nasa ba ne. Abraham Nemeth makaho ne ɗan Amurka, farfesan lissafi, kuma shi ya tsara alamomin Braille na lissafi da har yau ake kira da sunansa. Akwai allon ƙirga mai 'ya'yan duwatsu da aka shimfiɗa wa ƙyalle a baya don kada su zame yayin da yatsa ke lalube, akwai kuma zane mai tudu. Ni da zare da gam da kwali na koya wa ɗaliba siffar alwatika da da'ira. A jarrabawa kuma ta cancanci takardar tambayoyi ta Braille da ƙarin lokaci, saboda yatsa ba ya gudun ido, kuma tambayar da aka gina a kan hoto a sake mata fasali maimakon a cire ta a rage mata maki.

Mai_Nazarin_Doka:
Domin a dawo kan tambayar asali: yarjejeniyar da na ambata ta fifita karatu tare da kowa, kuma kwamitin da ke sa ido a kanta ya fayyace a 2016 cewa ajiye yaro a ajin kowa ba tare da an sauya tsarin koyarwa da kayan aiki ba, ba shi ake nufi da shigar da shi ba. Amma a san cewa su kansu makafi ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan, da yawansu suna ganin rufe makarantunsu na musamman kafin a tanadi madadinsu zalunci ne da sunan gata. Wasu wuraren sun bi hanya ta uku, inda yaro ke zuwa makarantar kowa amma a cikinta akwai ɗaki na musamman da malamin Braille da kayan aiki.

Maman_Hafsa:
Na karanta wa mahaifinta duk abin da kuka rubuta. Ya yarda cewa sauraro kawai ba zai yi ba, amma bai yarda da makarantar kwana a wannan shekarun ba, ni ma kuma ban iya cewa na yarda ba. Mun tsayar da cewa zan rubuta wa hukumar ilimi a makon nan in nemi malami mai zuwa ko da sau biyu a mako, kamar yadda Malama_Aji_Uku ta bayyana, sannan mu je mu ga makarantar kwanan da idonmu kafin zango ya fara. Malam Digo_Shida, kafin a amsa mini, akwai abin da zan fara yi mata a gida? Kuma uwa mai gani tana iya koyon Braille?

Digo_Shida:
Ƙwarai kuwa Hajiya, ke da ido za ki karanta shi, kuma haruffan ba za su ɗauke ki fiye da 'yan makonni ba. Ki nemi allon rubutu da tsinkensa, sai dai ki sani cewa da shi daga dama zuwa hagu ake hudawa, a juya takardar a karanta daga hagu, don haka ga yaro ƙarami injin Perkins mai madannai shida ya fi sauƙi idan za a samu aro. Kafin haruffa, ki horar da yatsunta: ta riƙa ware maɓallai manya da ƙanana, tana jera duwatsu a zare, tana bin layin da kika yi da gam a kan kwali da hannu biyu. Ki manna sunanta da Braille a kofinta da ƙofar ɗakinta, ko da ba ta iya karantawa ba tukuna, yadda yaro mai gani ke ganin rubutu ko'ina tun kafin ya san ma'anarsa. Idan kun je makarantar kwanan, ki tambaye su yara nawa ke hannun mai reno ɗaya da dare, kuma ki nemi a bar ki ki zauna da 'yan aji ɗaya ba tare da malami a wurin ba.

Farar_Sanda:
Ki tambaye su kuma ko suna barin iyaye su kira waya a tsakiyar zango. Mu a lokacinmu ba a bari.